In kun ga magudana na gudu alhali ba a yi ruwa ba

Jama'a, ga 'yar shawara. A wurare da yawa magudanar ruwan sama ta bakin titi ba ta bi ta wata matatar tsaftace ruwa, kai tsaye take zarcewa rafi ko kogi. Shi ya sa dokokin ƙananan hukumomi da dama suka hana zuba komai a cikinta in ba ruwan sama ba.

Alamar da ta fi sauƙin nuna cewa ana zuba wani abu a cikinta ita ce: kwana 3 sama ba ta zubo ba, amma ga ruwa yana kwarara. To ku tsaya ku duba. Maiƙo mai ƙyalli kamar bakan gizo, mai ne. Fari fat kamar madara, galibi wankin siminti ne ko fenti. Kumfa, sabulu. Warin masai kuwa, mai yiwuwa wani ne ya jona bututun bayinsa da magudanar a ɓoye, kuma wallahi wannan ya fi damuna, don a ƙarshen rafin akwai yara masu wanka.

Ku ɗauki hoto, ku rubuta wuri da lokaci, ku kai ofishin muhalli a ranar. Ruwa na sauka ya wanke shaida. Kada ku shiga ciki, kada ku sa hannu.

Baƙin man mota kuma a tara shi a jarka mai murfi, a kai wa masu karɓarsa.