Yadda Ake Rina Jitar Lantarki Ta Gida A Yi Mata Berni Ba Tare Da An Ɓata Katakon Ba

Wanda ya sassaƙa jikin jita da hannunsa, ya fafe gurbin wuya da na na'urorin ɗaukar sauti, yakan ɗauka mai wuyar ta wuce, saura shafe-shafe. A nan ne sabon hannu yake ɓata aikin wata biyu cikin yini ɗaya. Rini da berni, wato shafin ƙyallin da ke rufe katako, tona asirin katako suke yi: duk ƙarzanen da ido bai gani ba, duk ɗigon gam da aka share da yatsa, sai sun fito ɓaro-ɓaro da zarar launi ya hau.

Kafin komai, ka ware guntu biyu ko uku daga katakon da ka yanki jikin jitar. Duk abin da za ka shafa wa jitar, sai ka fara shafa shi a kansu, daga guga har berni na ƙarshe.

Katakon da kansa

Yawancin katakon da ke kasuwar Maradi daga kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima. Idan ya iso nan sai ya ci gaba da bushewa yana tsukewa, in kuwa an riga an rufe shi da berni, bernin ne zai tsage, musamman a layin da aka haɗa allo biyu da gam. Ka ajiye shi a ɗaki, a inuwa, ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya bushe.

Kowane katako da halinsa. Maɗaci da afara suna karɓar rini da kyau, amma fuskarsu cike take da ƙananan ƙofofi da sai an toshe su kafin a samu santsi. Kada a raina afara: ita ce kamfanin Gibson ya yi Flying V da ita a 1958, da sunan korina. Farin katako mai taushi da ake kira samba ko obeche yana da sauƙin sassaƙa da rashin nauyi, sai dai yana shan rini roɗi-roɗi, wani wuri ya yi duhu wani ya yi fari. Iroko kuma maiƙo gare shi, sai an goge shi da tsumma mai tina, wato ruwan surka fenti, kafin a shafa masa komai, in ba haka ba bernin ba zai kama ba.

Huji da guga

Ka huda kowane rami tun yanzu: na sukurorin wuya, na jakin da tsirkiyoyi ke hawa, na maɗaurin rataya, har da siririyar hanyar wayar da ke tafiya ƙarƙashin jaki. Ka harhaɗa jitar tana farin katako, ka ɗaura tsirkiya, ka tabbatar komai ya zauna daidai, sannan ka kwance. Huji bayan berni yana ɓantare shi.

Guga da sanfefa ana bin ta lamba-lamba, daga mai kaushi zuwa mai laushi: 120, sai 180, sai 220. Ka naɗe takardar a jikin guntun katako mai lebur, don yatsu suna barin kwari-kwari. Ka bi tsawon jijiyar katakon, kada ka gitta ta. Kafin kowace lamba ka yi zane-zanen fensir a fuskar duka, idan zanen ya ɓace gaba ɗaya ka wuce gaba. Tsallake lamba kuskure ne, don 220 ba ta iya share ƙarzanen 120. Wuce 220 zuwa 600 ko 800 a kan farin katako shi ma kuskure ne, fuskar takan yi sulɓi ta ƙi shan rini. Gefuna masu kaifi kuma a dakushe su, su ɗan yi da'ira ko da ta milimita 3 ce, saboda berni ba ya tsayawa a kan kaifi.

Daga nan ka jiƙa tsumma da tina ka shafe jikin duka, ka duba shi ta gefe a hasken taga. Inda gam ya taɓa zai fito da haske daban, ƙarzane zai fito kamar silin gashi. Ka koma ka goge wurin. Gam ba ya shan rini ko kaɗan, tabonsa zai zauna fari fat a tsakiyar ja ko baƙi.

Idan rinin ruwa za ka yi, ka shafa danshin ruwa a jikin tukuna, ka bar shi ya bushe. Za ka ji ya yi kaushi, gashin katakon ya miƙe. Ka kwantar da shi da 220 a hankali, shafa biyu ko uku kawai. In ba ka yi haka ba, rinin ne zai tayar da gashin, kuma ba ka da halin guga bayan launi ya hau.

Rini

Ka nemi rinin katako na ainihi, wanda a gwangwanin Faransanci ake rubuta teinte à bois. Rinin shadda da ake haɗawa da soda ba na katako ba ne, sodar tana ƙona fuskar tana kuma hana berni zama.

Ka toshe gurbin wuya da tef ɗin takarda, ka ɗaura sanda a ciki da sukurori biyu ta zama mariƙi. Ka sa safar hannu, maiƙon yatsa ma tabo yake bari.

Ka surka rinin ya kai rabin ƙarfin da aka rubuta a gwangwani. Ƙara duhu abu ne mai sauƙi, rage shi ne aiki. Ka shafa da tsumman auduga a ninke, da sauri, ka gama fuska ɗaya kafin bakin shafin ya bushe, domin duk inda sabon shafi ya hau busasshe layi ne zai fito. A zafin Maradi wannan yana faruwa cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa rinin ruwa ya fi na barasa sauƙi ga mai koyo, kuma safiya ta fi rana.

Wurin da ya fi cin mutane shi ne gefen jikin, a gindi da ƙahonin nan biyu kusa da wuya, inda aka yanke jijiyar katako a gicciye. Wurin yana zuƙar rini kamar soso, sai ka ga fuska ta yi ja mai kyau, gindi ya koma baƙi ƙirin. Maganinsa: ka goge waɗannan wuraren har lamba 320, ka jiƙa su da ruwa zalla dab da shafa rinin, su sha ruwan su ƙoshi tukuna. Ga katako mai roɗi-roɗi irin samba, ka surka berni na share fage, wato fond dur, kashi 1 da tina kashi 4, ka shafa hawa ɗaya siriri, ya bushe, ka ɗan shafe shi da 320, sannan rini. Launin zai yi sauƙi amma zai daidaita. Idan gwajin guntu ya nuna har yanzu bai yi ba, gara a yi wa jitar fenti mai rufewa. Ba abin kunya ba ne, fentin mota na kamfanin DuPont Fender ya riƙa fesa wa jitocinsa masu launi a shekarun 1960.

Rini idan ya bushe yakan yi fari-fari, ya dushe. Mai koyo sai ya ɗauka bai kama ba ya ƙara hawa biyu, berni na hawa jitar ta yi duhun da jijiya ba ta ganuwa. Launin da ka gani yana jiƙe, shi ne launin da zai dawo ƙarƙashin berni. Rinin ruwa ya kwana. Rinin mai kuwa a ba shi kwana biyu zuwa uku.

Toshe ƙofofi

Ka fesa berni hawa biyu marasa kauri don kulle launin. Fesawa, ba burushi ba, burushi yana jan rinin. Sannan ga maɗaci da afara ka cusa bouche-pores, wato ƙullun toshe ƙofofin katako, da tsohon katin roba, a gicciyen jijiya, ka kwashe rarar kafin ya ƙanƙame, ya kwana. Wanda ya tsallake wannan zai yi ta zuba berni hawa goma sha, bayan wata ɗaya ya ga fuskar ta lotsa cikin ƙofofin ta koma kamar an tsattsaga ta da allura.

Berni da yanayi

Ka zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kai. Bernin seluloz, vernis cellulosique, tinarsa mai zafi ce: idan ya hau fentin mai ko bernin foliyuretan da bai gama bushewa ba, sai ƙasan ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Amfaninsa shi ne kowane sabon hawa yana narkewa cikin na ƙasa, gyara ba wuya. Foliyuretan ya fi ƙarfi, amma kowane hawa zaman kansa yake, sai an ɗan ƙarje shi da 320 ko 400 kafin na gaba. Bernin mota mai haɗi biyu yana da guba mai lahani ga huhu, a kai wa mai fentin mota da ke da kayan kariya.

Wanda ba shi da abin feshi, ya surka foliyuretan na mai da white spirit, wato ruwan surka fentin mai, rabi da rabi, ya riƙa shafawa da tsumma siriri-siriri, hawa ɗaya ko biyu a yini, har takwas ko goma. Man gyaɗa, man kaɗe da man inji ba sa bushewa har abada, kuma berni ba zai sake kama katakon da ya sha su ba. Tsumman da ya sha man lin ko bernin mai kada a dunƙule shi a jefa kwando, yana iya kama wuta da kansa. A shimfiɗa shi a waje ya bushe ko a nutsa shi a ruwa.

Wajen feshi, tazarar santimita 20 zuwa 25. Ka fara fesawa kafin hannunka ya iso jikin jitar, ka saki bayan ya wuce, kowane layi ya hau rabin na baya. Gefuna tukuna, sannan fuska. Seluloz hawa uku a yini, da kamar awa ɗaya a tsakani, jimilla 10 zuwa 12. Jiki ɗaya yakan ci gwangwanin feshi mai mililita 400 uku ko huɗu. Idan ya yi hawaye ya gangaro, kada ka taɓa, ka bari ya kwana ka daidaita shi da 400 a naɗe a guntun katako.

Yanayin garinmu shi ke yanke ranar aiki. A damina, musamman Agusta, laima tana shiga ƙarƙashin seluloz ya yi farin hazo. Sau da yawa feshin hawa siriri a ranar da gari ya bushe yana narkar da shi. A bazara, Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, bernin yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya zama yashi-yashi ko kurji-kurji kamar ɓawon lemu; sai a yi aiki da sassafe, a ɗan matso kusa. Shanya jita a rana don ta yi saurin bushewa yana rufe sama tina na ciki, ta fito da ƙananan ƙuraje. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, a jira ta lafa, bayan feshi a rataye jitar cikin babban kwali ko kabad. Gidan sauro yana tare ƙwari amma ba ya tare ƙurar hunturu. Mu dai mun fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba.

Idan ka ga bernin yana gudu yana barin ramuka kamar zanzana, maiƙo ne ko silikon, galibi daga man goge mota, man shafawa a hannu, ko ruwa da mai daga tiyon kwamfuresa. Kuma tururin tina yana kama wuta daga nesa: ba murhu, ba taba, ba janareta kusa. Takunkumin tsumma ba ya tare shi, sai mai matatar gawayi, ga iska tana ratsa wurin.

Jira, sannan ƙyalli

Seluloz yana bushewa a taɓa cikin mintoci, amma yana ci gaba da tsukewa makonni. Ka rataye jitar mako uku zuwa huɗu. Ka danna farce a wurin da murfi zai rufe: in ya bar shaida, ko hanci yana jin warin tina, lokaci bai yi ba. Wanda ya goge da wuri zai samu ƙyalli na mako ɗaya, daga baya ya dushe.

Gugar ƙarshe da ruwa ake yi, da ɗigon sabulu: 800, 1000, 1500, 2000, a kan ɗan katako ko roba mai lebur. Ka jiƙa takardar tukuna. Ka riƙa sharewa kana dubawa; ɗigo-ɗigon da ke sheƙi kwari ne da guga ba ta kai ba, ka ci gaba da 800 har fuskar ta dushe bai ɗaya. Ka toshe ramukan sukurori da kakin kyandir, don ruwan da ya shiga yana kumbura katako ya tsaga bernin kewaye da ramin. Gefuna kuwa kusan kada ka taɓa su, a nan berni ya fi siranta. Da ka ga launi a ruwan gugar, ka tsaya, alama ce ka riga ka huda bernin har zuwa rini. Sai wurin ya bushe, ka ɗiga rini da ƙaramin burushi, ka sake fesa hawa uku ko huɗu, ka sake jira. Bayan 2000, man goge fentin mota marar silikon da tsumman auduga mai laushi za su fito da ƙyallin.

Wajen harhaɗawa, ka share bakin kowane rami da bakin abin huji kana juya shi da yatsu, ka shafa wa sukurori sabulu busasshe, ka ɗaure da hannu ba da inji ba. Ka kankare bernin da ya taru a bakin gurbin wuya kafin ka zura wuyan, kada ka tura shi da ƙarfi, nan ne yake fara tsagewa. Idan seluloz ka yi, roba da leda suna narkar da shi in sun daɗe a manne, don haka ka naɗe hannuwan abin jingine jitar da ƙyallen auduga, kuma kada ka bar maɗaurin rataya na roba kwance a kanta cikin jaka.