Yadda kamfani zai kare kansa daga harin DDoS da satar da ke fakewa a bayansa

Harin DDoS shi ne a tara dubban na'urorin da aka kwace ragamarsu, su yi ta danno buƙatu kan sabar kamfani, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinsa na intanet, har ta gaza amsa wa kwastomomi na gaskiya. A watan Oktoba na 2016, da kyamarorin tsaro da na'urorin intanet na gida waɗanda masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita ba aka kai wa Dyn hari, kamfanin da ke ba da hidimar DNS, wato tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa, Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da yawa a Amurka.

Katangar tsaron (firewall) da ke ofis, mai tantance abin da ke shiga kwamfutocinku, ba ta maganin babban hari. Idan layinku gigabit 1 ne aka turo muku gigabit 20, layin ya riga ya cushe tun kafin ambaliyar ta iso katangar. Dole a tare ta daga nesa. Ku ɗora shafinku a bayan kamfanin da ke tace zirga-zirga, irin Cloudflare ko Akamai. A Fabrairun 2018 da aka auna GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, da terabit 1.35 a daƙiƙa, karkatar da zirga-zirgar zuwa Akamai ne ya dawo da shi cikin mintuna.

A nan ne da yawa ke yin sakaci: sun biya kuɗin tacewa, amma adireshin IP na ainihin sabar, wato lambar da ake isa gare ta da ita, yana fili, maharan na iya kewaye mai tacewa su auka mata kai tsaye. Tsohon rikodin DNS kan tona shi, haka ma saƙon imel da ke fita daga sabar. Bayan kun shiga bayan mai tacewa, ku canza adireshin, ku raba sabar imel da ta shafi, sannan ku saita katanga kada ta karɓi komai a ƙofa ta 80 da 443, ƙofofin da ake shiga shafi ta cikinsu, sai daga adiresoshin mai tacewar. Ku rufe ƙofar UDP 11211 ta Memcached, manhajar ajiyar bayanai na wucin gadi, wadda da ita aka ninka harin GitHub. DNS kuwa ku riƙe kamfanoni biyu, in aka kayar da ɗaya ɗayan ya ci gaba.

Wani harin ba shi da girma, wurin da ke gajiyar da sabar yake nema, kamar shafin shiga ko na bincike. Ku ƙayyade yawan buƙatun da adireshi ɗaya zai iya turowa a minti, manhajar sabar Nginx na iya wannan. Sai dai a kula: a layukan wayar salula mutane da dama kan fito da adireshi ɗaya, iyaka mai tsauri za ta kori masu sayenku. Ku auna zirga-zirgarku ta yau da kullum tukuna.

Abin da ya fi damunmu shi ne harin haɗin gwiwa. Kamar 'yan sane ne a kasuwa, wasu na haddasa turmutsutsu, wani na zare walat. Tun 2012 hukumar FBI ta gargaɗi bankuna cewa ana amfani da DDoS don ɗauke hankali yayin da ake fitar da kuɗi. Saboda haka ranar da shafi ya faɗi, kada kowa ya rufu a kansa. A ware mutum guda, aikinsa kawai duba sabbin asusun masu gudanarwa, yawan bayanan da ke fita, da yunƙurin shiga da kalmomin sirrin sata. Sashen kuɗi ya dakatar da manyan tura kuɗi har sai an tabbatar ta waya. Kada a kashe tantancewa mai mataki biyu ko katangar manhaja wai don a sauƙaƙa wa sabar. Kundin shige da fice a riƙa tura shi wata na'ura daban, domin ambaliya kan cika faifai ta binne sawun ɓarawo.

Lambobin mai ba ku intanet da mai tacewa su kasance a takarda, imel na iya mutuwa tare da shafin. Masu neman kuɗin fansa kada a ba su. In bincike ya nuna an taɓa bayanan mutane, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ku sa'o'i 72 ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.