Yadda muka shawo kan soyayya a fadamar albasa da tumatir

Soyayya ita ce ciyawar nan mai kama da zare ruwan ɗorawa, marar ganye, wadda take nannaɗe shuka tana tsotse ruwanta. Kuskuren farko da aka yi shi ne fizge zaren da hannu. Tsinken da ta soka cikin karan shuka yana nan, kuma daga shi take sake tohowa. Guntun da ya faɗa kan wata shukar ma kamawa yake yi.

Abin da ya yi aiki shi ne yanke shukar da ta kamu daga ƙasan inda zaren ya naɗe, ko a tuge ta ɗungurum, tun kafin soyayyar ta yi fure. A zuba a buhu nan take, a fitar daga gona, a shanya, a ƙone. Kada a ba dabbobi, domin irinta yana fita da ransa a cikin taki, kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10.

Mutum ɗaya ba zai iya ba, tunda ruwan ban-ruwa yana ɗauko irin daga gonar maƙwabci. Shi ya sa aka tsayar da rana ɗaya a mako, kowa ya fito gayya, a nome kunyoyi da bakin magudanai inda take laɓewa a jikin ciyayi.

Kafin dashe, a ba fili ruwa, a jira kwana 10. Tsironta da bai sami abin kamawa ba mutuwa yake. Fangalin da ya kamu sosai kuwa, masara ko alkama aka shuka a ciki, don ba ta kama su.