Yadda ake kama manyan kifayen shak daga bakin teku ba tare da ka jawo wa masu iyo bala'i ba

Mutane da yawa sun ɗauka sai da jirgin ruwa ake kama ƙaton shak, to ba haka bane. A 1964 wani mutum Walter Maxwell ya kama shak irin mai zanen damisa, nauyinsa fam 1,780, sama da kilo 800 kenan, kuma a tsaye yake kan gadar masunta ta Cherry Grove a jihar South Carolina ta Amurka, ko ƙafarsa bai sa cikin jirgi ba. Kaga kenan kifin nan kusa yake da gaɓa fiye da yadda ake zato, kuma nan ne rigimar take, domin inda kake jefa ƙugiyarka nan ne wani yake kawo yaransa wanka.

Fara da doka kafin ka sayi ko zare. A jihar Florida tun 1 ga Yulin 2019 duk wanda ya kai shekara 16 sai ya yi wani ɗan kwas a intanet ya karɓi lasisi na musamman kafin ya yi fatsar shak daga gaɓa, kyauta ne amma dole ne. Sun kuma hana watsa jini da gutsattsarin kifi a ruwa daga bakin yashi don kiran shak, kuma akwai nau'ikan da aka haramta ɗauka kwata-kwata kamar mai zanen damisa da babban mai kan guduma, in ka kama su ba a ma yarda ka fito da su daga ruwa ba. Kowace ƙasa da nata tsarin, wani lokacin ma ƙaramar hukuma ce zata hana a bakin ruwanta, don haka ka tambaya tukuna.

Sai zaɓen wuri, wanda ni a ganina shine rabin aikin. Masu wannan fatsa suna yawan cewa ai shak ɗin dama yana nan, ba mu muka kawo shi ba. Gaskiya ne yana nan, amma akwai bambanci tsakanin shak da ke wucewarsa da wanda ka tsayar da ƙamshin jini ka sa masa rai da abinci. Hancinsa na bin wari da igiyar ruwa har ya iso tushensa, a jikinsa akwai wani layi da ke jin motsin ruwa, a hancinsa kuma akwai ƴan ramuka da suke jin lantarkin jikin abu mai rai. Kifin da ya maƙale a ƙugiya yana fafutika kuwa kamar ƙararrawa ce, sau da yawa ƙaramin shak ne zai ci koton, wato abin da ake sa wa a ƙugiya, kana cikin jan sa wani babba ya zo ya raba shi biyu kansa kaɗai ya iso hannunka. To yanzu ka ɗauka akwai mutum cikin ruwa mita hamsin daga wajen. Saboda haka ka yi nisa da inda ake iyo, nisa na gaske ba wai ka matsa gefe kaɗan ba, ka duba inda ruwa ke gangarawa don warin koto kada ya bi ta kan jama'a, kuma in mutane suka zo suka shiga ruwa bayan ka kafa kayanka, ka naɗe ka tashi, ba wani musun ni na riga zuwa.

Kayan aiki ba na wasa bane. Sanda mai kauri, babbar na'urar naɗe zare wadda zata ɗauki ɗaruruwan mitoci, bel ɗin ƙugu da ake soke gindin sandar a ciki, sannan a ƙarshen zaren a ɗaura waya ta ƙarfe don haƙori, da wani zare mai kauri sosai wanda ya fi kifin tsayi, saboda fatar shak kaushi gareta kamar sanfefa, jelarsa kaɗai in ta goga sai ta tsinke zare. Ƙugiya kuwa ka nemi mai lanƙwasa kamar da'ira, ita a gefen baki take kamawa ba a ciki can cikin tumbi ba, kuma kada ta zama ta ƙarfen da baya tsatsa, don in ta zauna a bakinsa ta ci tsatsa ta faɗi da kanta. Filaya mai dogon hannu da almakashin yanke ƙarfe su kasance a jikinka ba a mota ba.

Kada ka yi rowa wajen ƙarfin kaya. Mutum zai ce yana son ya ji daɗin kokawa da siririn zare, sai ya shafe awa biyu yana ja, kifin ya galabaita jininsa ya lalace da gajiya, ka sake shi yana iyo kamar lafiya lau anjima ya mutu. Mai kan guduma ya fi kowa wannan matsalar, duk girmansa baya jure doguwar kokawa. Gawarsa kuma ko dai ta kira wasu shak ɗin ko ruwa ya turo ta bakin yashi da safe.

Koto kifi ne mai maiƙo da jini, guda ɗaya babba ko rabinsa. Tunda yayi nauyin jifa, da ƙaramin kwale-kwale na mutum ɗaya ake tuƙa shi a kai bayan inda igiyar ruwa ke fashewa, mita ɗari biyu ko uku, a sake shi da dalma mai ƙafafu ko dutse ɗaure da siririn zaren da zai tsinke in an ja. Wasu yanzu da jirgi mara matuƙi suke kaiwa inda doka ta yarda. Mai tuƙin ya sa rigar ceto, fitila a goshi in dare ne, kuma ƙugiyar a bayansa take ba tsakanin ƙafafunsa ba, don in igiya ta kifar da shi kada ya tashi da ƙugiya a cinya.

Daga nan sai jira, wani lokacin har dare ya raba. Zaka ji na'urar ta yi ƙas, ƙas, sai shiru, sai kuma ta ɓarke da ƙara zare na fita kamar an ɗaura shi a mota. Kada ka fizga. Ka bar shi ya tafi da shi na ƴan daƙiƙoƙi sannan ka ɗaure birkin na'urar a hankali, ƙugiyar da kanta zata sami gefen baki. Mutum ɗaya ya riƙe ka ta baya, kuma ya zama akwai wuƙa kusa, don wanda ke ɗaure da bel in birki ya ƙulle ruwa zai nufa. Wannan ba aikin mutum ɗaya bane, aƙalla uku.

In ya iso ruwan gwiwa nan ne ake jin ciwo. Kada ka ja shi kan busasshen yashi don hoto, shak ba shi da ƙashi sai guringuntsi, nauyinsa ma danne kayan cikinsa yake, kuma tsagun nan na gefen wuyansa da yake numfashi da su dole su kasance cikin ruwa. Ɗaya ya riƙe jela, ɗaya ya cire ƙugiya da filaya ko kawai ya datse wayar kusa da baki, a juya kansa ya fuskanci teku a tura shi. Minti biyu ma yayi yawa. Ka sani yana iya lanƙwasowa har kusan jelarsa, kuma dukan jelar kaɗai na kayar da ƙato. Ragowar koto ka kwashe ka tafi da shi, kada ka zubar a wajen.

Su kuma masu iyo, cizon shak abu ne mai wuyar faruwa, cibiyar da ke tara alƙaluman a gidan tarihi na Florida ta ƙirga 69 a duk duniya a 2023 waɗanda ba mutum ne ya tsokano ba, mutum 10 suka rasu. Amma ba dalilin sakaci bane. In ka ga manyan sanduna a kafe a yashi ko kana kusa da gadar masunta, nemi wani wuri. Guji asuba da magariba da dare, guji ruwa mai dauɗa da bakin kogi bayan ruwan sama, don akwai nau'in da a Afirka ta Kudu ake kira Zambezi wanda yake shiga har ruwan daɗi kuma ruwan da bai kai ƙirji ba ya ishe shi. Cire sarƙa da agogo masu ƙyalli, kada ka yi iyo kai kaɗai, in kaga ƙananan kifaye na tsalle tsuntsaye na dira kansu ka fito. In kuma aka ciji wani, a fito da shi, a danne raunin da ƙarfi, in hannu ne ko ƙafa a ɗaure sama da wajen tamau da duk abin da aka samu ko da bel ne, a kira motar asibiti nan take, don zubar jini ce ke kashe yawancinsu.