Kurakuran cefane da ke cinye albashi tun wata bai raba ba

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu gidan da bai ji a jikinsa ba a Kaduna. Kuɗin mota ya tashi, ya ja kayan abinci sun bi shi. Talaka ba shi da iko da farashin kasuwa, amma akwai kuɗin da mu da kanmu muke zubarwa wajen cefane, kuma yawancinsu ana iya tare su ba tare da an rage wa yara tuwo ba.

Babbar kafar da kuɗi ke zurarewa ita ce ƙulle-ƙulle. Da safe a aiki yaro shagon unguwa ya sayo ƙullin sukari, da rana ƙullin man gyaɗa, da yamma omo na leda da magi biyu. Kowanne ba ya kai ya kawo, shi ya sa ba a lissafa shi. Amma mai shagon nan daga kasuwa ya saro, ya ɗora kuɗin motarsa da ledarsa da ribarsa a kan kowane ƙulli. A gwada auna ƙullin mai nawa ne ke cika kwalba, a kwatanta da kuɗin kwalbar a kasuwa, za a ga tazarar da ido. Na san mai samun na yau ya ci yau ba zai iya sayen buhu ba, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da zai iya shi ne ya riƙa fitar da abu ɗaya daga ƙulli duk mako: wannan makon gishiri da magi, mako mai zuwa kwalbar mai, na gaba mudun sukari. In kuma maƙwabta uku ko huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi buhun shinkafa ko jarkar manja suka raba, kowa ya samu farashin sari. Dama mun saba da watanda in Sallah ta zo, a haɗa kuɗi a yanka sa a raba nama kashi-kashi. Babu dalilin da zai sa dabarar ta tsaya a nama.

Wasu kuma garin neman arha suke yin asara. Mutum yana Rigasa ko Unguwar Rimi, ya ji an ce tumatir ya yi araha a Bakin Dogo, ya hau keke zuwa da dawowa don cefanen kwana biyu. Abin da ya rage a kayan miya ya bai wa mai keke har da ƙari. Kasuwa mai nisa ta babban cefane ce, sau ɗaya ko biyu a wata, da takarda a hannu. A kuma bi ranar kasuwa: Kawo tana ci ranar Talata, ta Kakuri kuwa sunanta ma Monday, kuma a irin ranakun ne mutanen ƙauye ke shigo da kaya da kansu. Takardar nan kada a raina ta. Wanda ya shiga Kasuwar Gumi ko Kasuwar Bacci bai rubuta abin da ya kawo shi ba, zai fito da abin da idonsa ya gani, ya manta daddawa.

Sai maganar awo, wadda mu masu saye muke sakaci da ita ƙwarai. Za ka ga mace ta daɗe tana tayi, mai hatsi yana cewa “albarka, Hajiya”, har ya sallama da ragin naira ɗari, ta tafi tana murna, alhali ba ta dubi mudun ba. Mudu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, akwai wanda aka rage wa baki, akwai kuma awon da ake sharewa da hannu maimakon a bar shi ya yi tozo. Ka tsaya ka ga awon da idonka, ka ce “Malam, a cika mana”, ka nemi gyara, ba abin kunya ba ne. In an dawo gida a sake aunawa da mudun gida. Mai awon da aka samu da gaskiya a riƙe shi, ko da ya ɗara na kusa da shi ’yan nairori. Haka shinkafar gida mai arha: in rabin kofi tsakuwa ce da ƙaiƙayi, arhar ta tafi a wajen tsinta.

Lokaci kuwa ya fi tayi rage kuɗi. Masara da dawa da wake suna sauka da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da kayan Saminaka da Soba da Giwa ke cika kasuwa. Tumatir da tattasai da attarugu na noman rani ne, suna yin araha tsakanin Janairu da Maris, su yi tsada in damina ta kama. Duk shekara muna ganin haka, duk shekara kuma sai damina ta same mu muna sayen tumatir huɗu a faranti. A lokacin arhar ya kamata a sayi kwando, a yanyanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, iskar hunturu ta busar da shi ya zama kauɗa. Ko a markaɗa a dafa har ruwan ya ƙone, a zuba a kwalabe masu murfi da aka tafasa. Wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ya san darajar kauɗa a ɗaki. Sukari da geron azumi ma a saye su tun watan Rajab.

Sai dai saye da yawa ba tare da sanin ajiya ba asara ce ninki biyu. Wake ne ya fi ba da wahala, ƙwari su huda shi ya zama gari. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu zuba masa maganin ƙwari irin na feshi. Guba ce wannan, kuma saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Abin da ake buƙata shi ne a hana iska shiga. A shanya waken ya bushe ƙarau, a cika jarka mai tsabta har baki, a toshe murfin da leda. Ko a nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda danshi da ɓera. Ƙwarin da ke ciki za su mutu don rashin iska. Kuma a sayi na ci kawai, gwargwadon bakin gida. Waɗanda suka ci bashi suka tara hatsi a ƙarshen 2024 suna jiran ya ƙara tsada sun sha mamaki, domin farashi sauka ya yi a 2025. Nama da kifi ma kada a cika firji da su alhali an san halin wutar unguwar.

Bashin shago yana da daɗin karɓa, amma mai cin bashi ba ya tayi kuma ba ya duba awo. Cire kuɗi kaɗan-kaɗan a POS shi ma kowane cira da ladansa, gara a cire na mako gaba ɗaya.

Akwai kuma kuskuren da ba a kasuwa yake ba, a cikin gida yake. Maigida ya ajiye kuɗin cefane irin na shekara biyu da suka wuce, bai san nawa mudun wake yake yau ba, uwargida kuma ta yi shiru tana cikawa da kuɗin adashinta har ya ƙare. Ko shi ya yi sayayyar bai tambayi abin da ya ƙare ba, ya kawo taliya alhali man gyaɗa ne babu. Ranar da albashi ya shigo a zauna tare, a buɗe sito a ga abin da ya rage, a rubuta abin da gidan ke ci a mako. Uwargida ce ta san kofi nawa ke isar yaran, ta san in aka jiƙa wake tun dare gas ɗin zai ƙara kwana, ta san tuwon da ya kwana ɗumame ne na safe. Maigida ya riƙa raka ta kasuwa ko sau ɗaya a wata, ya ji farashi da kunnensa kafin ya yanke kuɗin cefane.