Yadda na shawo kan bushewar ido

Na daɗe ina fama da zafin ido, kamar an zuba min yashi, musamman bayan aiki a gaban kwamfuta. Hawaye na zuba, amma idon a bushe yake. Maganin ɗigawa kan sauƙaƙa na ɗan lokaci kawai.

Da likitan ido ya duba, ya ce hawayena ba su yi kaɗan ba. A bakin fatar ido akwai ƙananan ƙofofi masu fitar da maiƙo, wanda ke hana hawaye saurin ƙafewa, kuma nawa sun toshe. Ya ƙara da cewa sinadarin hana lalacewa da ke cikin wasu magungunan ɗigawa yana iya ƙara wa ido zafi idan an yawaita su.

Yanzu kullum nakan ɗora tsumma mai tsabta, mai ɗumi, a kan rufaffun idanuna na minti 10, in matsa gefen a hankali, in goge. Na koma maganin da babu wannan sinadari. A wajen aiki, duk minti 20 nakan kalli nesa in ƙifta ido sosai. Sai da aka yi makonni kafin zafin ya lafa, kuma da na daina ɗumamawar yake dawowa.