Darasi na Tara: Neman Diyya Idan Sakacin Wani Ya Ji Maka Rauni

Kalmomi uku za su yi ta dawowa a wannan darasi: sakaci, diyya, wa'adi. Ku rubuta su a saman shafin littafinku kafin mu ci gaba.

Kotu ba ta ba mutum diyya don kawai ya sha wahala. Komai munin raunin, alƙali zai so a nuna masa cewa akwai nauyin kula da kai a wuyan wanda kake ƙara, cewa ya yi sakaci da wannan nauyi, cewa sakacin ne ya jawo raunin, kuma ka yi asarar da za a iya ƙiyastawa. Ƙasashe da yawa sun gaji wannan tsari ne daga wata shari'a da aka yanke a Biritaniya a 1932, bayan wata mata mai suna May Donoghue ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a cikin lemon kwalbar da ta sha.

Sakacin likita

Ba duk wanda ya shiga asibiti da ƙafarsa aka fito da shi a ɗauke ne aka yi wa sakaci ba. Magani yakan ƙi karɓar jiki, tiyata takan zo da matsala ko a hannun gwani. Tun 1957 kotunan Ingila suka kafa ma'auni: shin abin da likitan ya yi, ƙwararrun likitoci 'yan'uwansa za su amince da shi? Shi ya sa irin wannan ƙara ba ta tafiya sai da wani likita da zai duba takardun jinya ya ba da shaida. Wasu kurakuran kuwa ba sa buƙatar dogon bayani, kamar a manta auduga ko almakashi a cikin mutum bayan tiyata, ko a yi aiki a ƙafar da ba ita ke ciwo ba.

Inda yawancin masu ƙara ke faɗuwa shi ne haɗa sakacin da raunin. Ga abin da ya faru a Landan a shekarun 1960. Wasu masu gadi uku sun sha shayi da asuba, sai amai ya kama su, suka nufi asibiti da safe. Ma'aikaciyar jinya ta kira likita a waya. Likitan, wanda shi ma ba ya jin daɗin jikinsa, bai zo ya duba su ba, ya ce su koma gida su nemi likitocinsu. Bayan 'yan sa'o'i ɗaya daga cikinsu ya rasu, ashe guba ce a cikin shayin. Matarsa ta kai ƙara. Alƙali ya yarda cewa likitan ya yi sakaci, amma bai ba ta ko kwabo ba, domin shaida ta nuna ko da an kwantar da mijin nan take, maganin gubar ba zai riske shi a kan lokaci ba. Hukuncin da ɗaci, ni ma na san haka, sai dai haka dokar take.

Haɗarin babbar mota

A Amurka, tirela da kayanta takan kai tan 36, ƙaramar mota kuwa da ƙyar take kai tan 2. Idan suka yi karo, an san wanda zai kwana a asibiti. Mutane sukan tsaya a kan direba shi kaɗai, alhali sau da yawa ba shi da abin biya. Doka takan ɗora wa kamfani alhakin ɓarnar da direbansa ya yi a bakin aiki. Haka nan wanda ya yi lodin da ya wuce ƙima, da bakaniken da ya bar birki a lalace, duk ana iya jawo su cikin ƙarar.

Gajiya da gyangyaɗi na cikin manyan dalilan irin wannan haɗari, shi ya sa aka ƙayyade wa direbobi lokaci. A Amurka direban kaya ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba sai ya huta awa 10. A Tarayyar Turai yawanci awa 9 ne a rana, da hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi. Akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta lokutan tuƙi, amma dokar Amurka wata shida kawai ta tilasta wa kamfani ajiye bayanin. Lauyan da ya san aikinsa yakan aika musu takarda da wuri cewa kada a goge komai.

Laifinka ma ana lissafa shi. A Ingila, wanda bai ɗaura bel ba ana iya zabge masa har kashi 25 cikin 100 na diyyarsa.

Abin da ke hannunka

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Je asibiti ranar da abin ya faru, ko da kana ganin ciwon bai kai ya kawo ba. Ɗauki hoton wurin da lambar motar, ko ka sa wani ya ɗauka. Karɓi sunaye da lambobin wayar waɗanda suka gani da idonsu. Katin asibiti, hoton ƙashi, rasit ɗin magani, rahoton 'yan sanda, a haɗa su a jaka ɗaya. Kwanakin da ba ka fita aiki ba, rubuta su, domin su ma asara ce.

Wata rana wakilin kamfanin inshora zai zo har bakin gadonka da fara'a, ya yi maka sannu, ya miƙo takarda ya ce: "Sa hannu kawai a nan, gobe kuɗi su fito." Kada ka sa hannu, kada ka dangwala yatsa, sai wani da ka amince da shi ya karanta maka ita daga farko har ƙarshe. Irin wannan takarda takan ce ka karɓi haƙƙinka gaba ɗaya, ko da ciwon zai dawo bayan shekara.

Wa'adin shigar da ƙara ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila shekara 3 ne, a jihar Teksas ta Amurka shekara 2. Idan ya wuce, yawanci ƙofar kotu ta rufe ke nan. Tambayi lauya wa'adin ƙasarku tun zaman farko, ka kuma tambaye shi ladansa, a rubuta. A Amurka lauyoyin irin wannan ƙara sukan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na diyyar, idan an yi nasara.

Aikin gida

Me ya hana matar mai gadi samun diyya, alhali likitan ya yi sakaci? Ku amsa da jimla biyu. Sannan kowa ya rubuta sunayen takardu huɗu da zai ajiye bayan haɗari, ya karanta wa na kusa da shi da babbar murya.